Sammacin Hukumar Kare Yara da Tukunyar Gida: Jawabin da Anka Yi Wurin Taron Bayan Kaka

   Kwamiti ya ɗora muna magana kan wani abu da ya dame mu bana, kuma mun roƙi a buga ta cikin takardar ƙungiya yadda munka faɗe ta, domin wanda bai zo ba a karanta mashi.

Cikin shekara guda, gida uku na mutanen garinmu sunka samu sammaci kan maganar yaro. Ba mu faɗin suna, kuma wanda ya gane shi riƙe bakinai. Abin da ya sa munka kawo zancen gaban jama'a shi ne, duka gidajen uku sun fi jin jiki wajen abinci bisa ga wajen shari'a. Shari'ar ta zo da sauƙi. Tukunya ce ta sha wuya.

Ga yadda na farko ya faru. Wata ƙanwarmu, mijinta ya rasu ya bar mata ɗiya huɗu, ta zo Yamai tana wanki da shara gidan wani ma'aikaci, ana ba ta jikka 20 ga wata. Da marece tana soya ƙosai, babbar ɗiyarta mai shekara 11 tana kai talla wajen tashar Wadata. Wani dare yarinyar ta daɗe ba ta sai da ba, ta ji tsoron komawa da saura, ta zauna har tasha ta watse. Ƴan sanda masu kula da yara sunka gan ta, sunka ɗauke ta. Uwar ta kwana tana yawo unguwa unguwa tana kuka. Da safe anka ce mata ɗiyarta tana lafiya, amma sai ta zo ta yi bayani. Ta tafi ta yi bayani. Anka ce ta komo da takardar haihuwa, ba ta da ita. Anka ce za a zo a ga inda suke kwana, ta zauna gida yini guda tana jira. Anka ce ta kai yarinyar lakkwal a rubuta ta, wani yini ke nan. Ta lissafa muna da yatsu: yini bakwai cikin wata biyu. Ranar na biyar matar gidan da take ma aiki ta ce ita ba ta iya zama da wanki tuli, ta ɗauki wata. Ƙosai kuwa ya tsaya tun daren farko, tunda mai kai shi tasha ita ce anka hana. To, jama'a, ku duba: an tsare yarinya daga titi, wannan alheri ne, ba mu musu. Amma cikin wata biyu gidan ya rasa albashi, ya rasa riba, yara huɗu sunka koma ci sau ɗaya.

Wanda ke aikin gwamnati, in an kira shi ofis, wata shina ƙarewa a biya shi cif. Mu yawancinmu ba haka muke ba. Mai ga-ruwa, mai dako Katako, mai kabu-kabu, mai tebur, mai gadi, mai wanki da guga, kowa abin da ya samu yau shi za a aza bisa wuta yau. Tun watan Janairu na 2024 mafi ƙanƙantar albashi bisa doka cikin Nijar jikka 42 ne, da can jikka 30 da ƴan kai. Ku tambayi kanku mutum nawa cikin ɗakin ga ke samun hakan a rubuce. Saboda haka yini guda gaban ofis, gare mu, tiya ce ta hatsi ta fita daga gida, ga kuɗin mota bisa kai. In kuwa maganar ta taso can gida, mutum shina Yamai, sai ya bi gudron ya ratsa Doso ya kai Dogon Dutsi, tafiyar da ta kusa kilomita 300, ya kwana, ya komo. Wanda ke Kwatano ko Ikko ba a ma magana.

Yanzu bari mu faɗi ko su wane ne waɗanga mutane, don da yawa cikinmu in sun ji "kare yara" sai su ɗauka wasu baƙi ne sunka zo ƙwace ɗiyan talakawa. Nijar ta sa hannu ga yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara tun 1990. Cikin 1999 anka kafa alƙalan yara, wato zuzu na musamman wanda ke duba maganar wanda bai cika shekara 18 ba, kuma dokar 2014 ta sake tsara aikinsu. Alƙalin yara aiki biyu gare shi. Shina duba yaron da ya yi laifi, shina kuma duba yaron da bai yi laifin komi ba amma lafiyarsa ko tarbiyyarsa ko ransa na cikin hatsari. Ɗiyar ƙanwarmu cikin kashi na biyu take. Tare da alƙali akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a, su ne ke zuwa gida su ga ɗaki, su tambayi maƙwabta, su tambayi abin da ke shiga da abin da ke fita, su rubuta ma alƙali. Wajen ƴan sanda kuma akwai sashen da ke kula da yara. Cikin 2019 gwamnati ta fito da dokar kafa kwamitocin kare yara tun daga sama har gunduma, kwamin da ƙauye, don a kashe ƙaramar wuta tun tana gida.

Abin da alƙali ke iya yi, ku saurara da kyau, don nan tsoro ke sa mutane ɓarna. Shina iya barin yaro hannun iyayensa ya sa ma'aikaci ya riƙa leƙowa. Shina iya ba da shi ga wani dangi ko wani amintacce. Shina iya kai shi gidan da hukuma ta yarda da shi. Na ƙarshen ga shi muke tsoro, alhali cikin gidajenmu uku ba wanda anka yi ma haka. Abin da ke tura magana can shi ne a kira uba a rasa, a kira uwa ta ɓuya, a tambayi dangi kowa ya ce bai sani ba. Wanda ya karɓi sammaci ya sa shi ƙarƙashin tabarma don kada ya rasa aikin yini guda, shina iya rasa abin da ya fi yini. Mun san dalilinsa, mun kuma ce kuskure ne.

Dattawa za su ce, kuma sun faɗa muna jiya da dare, su da sunka tashi wa ya hana yaro aiki? Gaskiya ne. Cikin Arewa yaro shina bin uba gandu tun shina iya ɗaukar kalme, yarinya tana bin uwa gamana, tana kai fura gona, tana tsinkar wake. Ba wanda ya ce wannan laifi ne, kuma mu da muke tsaye nan da shi munka girma. Amma aikin gandu gaban idon uba ake yi, rana na faɗuwa kowa na gida. Tallar tasha cikin birni, tsakiyar direbobi da ƴan kamasho da wanda ba a san asalinsa ba, har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wani abu ne daban, kuma kakanninmu da sun gani da ba su yarda ba. Dokar aiki ta 2012 ta ce ba a ɗaukar yaro aiki, ko da koyon sana'a ne, sai ya cika shekara 14, kuma aiki mai hatsari sai ya girma fiye da haka. Dokar 2017 kuma ta tsaya ma yarinyar da ke lakkwal don kada a fisge ta daga karatu.

Mun san abin da ke tura mu. Gonakin Dallol da tudu ba su ƙaru ba, mu munka ƙaru. Gonar da kakanmu ya noma shi ɗaya yau an raba ta gida shida. Rumbu da ke kai mu damina yanzu wani gida bai kai shi watan azumi in ya faɗo cikin rani. Waɗanda sunka ga 1973 da 1984 suna nan zaune, mu kuma mun ga 2005. Daga nan cin rani ya zama kamar gona ta biyu. Sai ga shi ita ma gonar ta biyu tana yin fari: Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020, anka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024, naira kuma ta faɗi, wanda ke aiko kuɗi daga Ikko ya ga abin da ke sayen buhu ya koma sayen rabi. Mutanen Dumega, Tibiri da Kore Mairuwa da ke cin kasuwannin hayin iyaka, wajen Bacaka da Kangiwa, sun fi kowa sani. In kuɗin uba sunka yanke, uwa ba ta da wani ma'aikaci sai ɗiyanta. Wannan shi ne asalin tallar dare, ba rashin so ba. Muna so ma'aikatan hukuma su ji wannan daga bakinmu.

Sai dai akwai wani abu da ba mu iya kare shi, ko da talauci. Riƙo al'adarmu ce: gwaggo ta ɗauki ɗiyar ƙanenta, ta tarbiyyantar da ita, ta yi mata aure. Yau an samu masu shigowa gari bayan kaka, su bi gida gida, su tara ƴan mata biyar ko shida, su ce za su kai su birni "riƙo". Uwa ta karɓi ɗan abu a hannu, yarinya ta tafi gidan da ba wanda ya sani, albashinta na bi ta hannun wadda ta kai ta. Ku sani, tun Disamba 2010 akwai doka kan fataucin mutane cikin ƙasar ga, kuma in yaro ne, cewa iyaye sun yarda ba ya wanke kowa. Jandarma na iya tsai da mota bisa hanya su tambayi ɗiyan wa ne waɗanga. Kun ji abin da ya faru cikin Maris 2022, lokacin da gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar daga Dakar cikin jirgi, mata da yara masu bara, yawancinsu daga wajen Kance cikin jihar Damagaram. Sunan Arewa bai fito cikin wannan ba, kuma ba mu so ya fito cikin irinsa. Iyayenmu mata, in wata ta zo neman ɗiyarku, ku tambayi gidan wa, unguwa wace, nawa, hannun wa. Ku ba mu suna, mu da ke Yamai mu tafi mu gani da ido. In ta ƙi faɗi, kun samu amsa.

Gida na biyu, a taƙaice. Wani ƙanenmu shina aiki tashar jirgin ruwa Kwatano, ya bar ɗansa wajen tsohuwa. Yaron ya shiga cikin wasu, anka kama su da kayan wani mai shago ranar kasuwa. Magana ta kai gaban alƙali, tambaya ta farko: shekararsa nawa? Tsohuwa ta ce an haife shi shekarar da ruwa ya ci gonar fadama. Wannan ba ya shiga takarda. Ga doka, yaron da bai kai shekara 13 ba ba a yi mashi hukuncin laifi, sai dai matakin kariya da tarbiyya, don haka shekara guda sama ko ƙasa tana sauya komi. Uban ya baro aiki, ya yi sati uku tsakanin gari da Dutsi shina neman shaidu a yi ma yaron takarda gaban alƙali. Da ya koma ya iske an ba wani wurinsa. Takardar da ta ci mashi aiki, da an yi ta ranar suna, kyauta ce. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma ana yi wajen asibiti ko meriya ba da ko dala ba. Muna yanka rago, muna raba goro, muna kiran maroƙa, sai takarda ce ke gagarar mu. Wannan kunya tamu ce mu maza, ba ta tsohuwa ba.

Gida na uku sun roƙe mu kada mu taɓa zancensu, mun bari.

To mi ya kamata mutum ya yi in takarda ta iske shi? Ranar da ya karɓa ya kawo ta ga wanda ya iya faransanci cikinmu, a karanta mashi wa ke kira, ina, yaushe, don wani sammacin na ofis ne, wani na alƙali, nauyinsu ba ɗaya ba. Ya nuna ma mai gidan aikinsa tun kafin ranar, kada ya ɓace ya komo da labari. Mutane da yawa suna haƙuri in an gaya masu da wuri, kuma in ana iya kawo wanda zai riƙe aikin yini guda, a kawo. Ƙanwarmu kunya ta hana ta faɗi, matar gidan ta ɗauka yawo take. In ya je gaban ma'aikaci ya faɗi gaskiyar samunsa, kada ya ƙara don a ga mutuncinsa. Mun ga wanda ya ce shina samun jikka 60 alhali bai samun rabi, anka rubuta, daga baya anka tambaye shi mi ya sa mai jikka 60 ke tura yaro talla. Ya kuma buɗe baki ya roƙa: a haɗa mashi abu biyu rana guda, a sa mashi ranar da ba ta kasuwa ba, a karɓi lambar salularsa a kira shi in ranar ta sauya. Roƙo ba laifi ba ne. Wanda ke nesa kuwa, tun kafin ya tafi biɗa ya faɗi gaban mai gari wane ne wakilinsa kan ɗiyansa, wa ko ƙane ko kawu, mutum mai ƙafa wanda zai iya hawa mota, don kada komi ya faɗo bisa tsohuwa mai sanda.

Ga ma'aikatan hukuma, in takardar ga ta kai hannunsu, muna gode masu, don yarinyar da sunka ɗauka daga tasha tamu ce. Roƙonmu guda: in za a hana yaro talla, a zauna da uwar a lissafa abin da tallar ke kawowa, a duba mi zai maye shi. In ba a yi haka ba, wata uku yarinyar na komawa titi, sai dai wagga karon ta koyi ɓuya in ta ga mota.

Mu ma akwai namu. Matan garinmu da yawa suna cikin asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda ya faro Maradi cikin 1991 ya bazu ƙasa duka, kuma mun ga yadda ƙaramin zubi na sati ke tsai da mace bisa ƙafafunta. Mu maza ƴan biɗa muna aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ranar da munka samu, wani wata da yawa, wani wata shiru. Gwamma kaɗan da ke zuwa kan lokaci, uwar gida ta san abin da za ta dogara gare shi, da mai yawa da ba a san ranarsa ba. Wanda kuma ke da fili cikin fadama ya tuna da noman rani. Dankalin Dutsi da albasa da tumatir sun riƙe gidaje da dama waɗanda mazansu ba su ƙetare iyaka ba. Ba kowa ke da rijiya ba, mun sani.

Iyayenmu dattawa, naku ya fi namu nauyi, don ku ke gida. Ku tambayi mai gari da meriya ko an kafa kwamitin kare yara na garinmu, in an kafa su wa ke ciki, in ba a kafa ba mi ya hana. Tun 2011 da Tibiri ta zama gunduma mai kanta, mutanen Gesheme, Dumega da Kore Mairuwa suna da parafe kusa da su, ba komi ne sai an kai Dutsi ba. Ku sa mace cikin kwamitin, ko biyu, don abin da yarinya za ta gaya ma inna ba ta gaya ma baba. Kuma in kun ji gidan wane an kira su, kada a mai da shi zancen bakin kasuwa. Ƙanwarmu ta ce muna abin da ya fi yunwa ciwo shi ne labarin da ya riga ta isa gida, cewa gwamnati ta kama ta da sai da ɗiya.

Ga abin da kwamiti ya tsaida, in taro ya yarda. Cikin zubin wata, kowane ɗan ƙungiya zai ƙara dala 20, a ware su daban cikin littafin ma'aji. Wanda anka kira kan maganar yaro, a biya mashi kuɗin mota, a ba gidansa tiya biyu ta hatsi kowane yinin da ya rasa aiki. Ba bashi ba ne, amma sai ya nuna takarda. Mutum biyu masu karatu, namiji da mace, za su riƙa raka duk wanda ya so rakiya. Kafin watan azumi, sakatare zai bi gidajenmu na Yamai ya rubuta yaran da ba su da takardar haihuwa, dattawa su yi haka can gida, mu kai ma meriya mu tambayi yaushe alƙali zai fito ƙauye yin takardu, a yi su gaba ɗaya.

Ƙanwarmu kuwa, tunda za ku tambaya: yarinyar tana hannunta, tana aji biyu, ta fi ƴan ajin duka tsawo kuma an ce ba ta damu ba. Wata ɗiyar garinmu da ke da tebur bakin asibiti ta karɓi ƙosan tana sai da mata da safe, suna raba riba. Aikin wanki har yanzu ba ta samu wani ba. Wanda ya san gidan da ke neman mai wanki, ya ga sakatare bayan an tashi. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi yanzu, sannan a ɗaga hannu kan maganar dala 20.